Kwaɗo Babu Ɗan Makulli

Duk wanda ya san tarihin ƙasar Zamfara ya san cewa Ƙauran Namoda gari ne da ya daɗe da sabawa da baƙon kaya. Tun shekarar 1929, sa'ad da hanyar jirgin ƙasa wadda ta taso daga Zariya ta ratsa Funtuwa da Gusau ta zo ta tuƙe a nan, garin ya zama ƙofar da kayan ƙasashen waje ke shigowa ta cikinta, sa'an nan su bazu zuwa Zurmi da Moriki da Shinkafi. Gyaɗa da auduga su yi kudu, atamfa da keke da fitilar ƙwai da kwaɗon kulle ƙofa su yo arewa. Kayan nan kuwa, duk da bambancinsu, halinsu ɗaya ne: da zarar mai saye ya biya, mai sayarwa ya ce ya sallama, to, magana ta ƙare, abu ya zama na mai shi, in ya ga dama ya mora, in ya ga dama ya kyautar, in ya ga dama ya bar wa magada. Ba a taɓa jin ɗan tireda a kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis ya miƙa wa mutum kwaɗo ya soke 'yan makullan a aljihunsa, ya ce duk ran da ake son buɗewa a nemo shi ba. Da wani zai yi haka, da kasuwa ta taru a kansa.

Amma ga shi zamani ya kawo wani kaya wanda haka ɗin ake sayar da shi, a fili kuma, har doka tana bayan mai sayarwar. Kayan nan shi ne faifan fim mai tsantsar hoto wanda ake kira Blu-ray. Wahalar da ake sha kafin kwamfuta ta yarda ta nuna abin da ke cikinsa ita ce abin da wannan maƙala za ta duba, ta hanyar abin da ya auku ga wani dattijo da ɗan ƙanwarsa a Ƙaura cikin damina da kakar 2021.

Kafin a kai ga faifan, ya kamata mai karatu ya tuna irin hoton da idon Bahaushe ya saba da shi. An fara da majigin Turawan mulki a ƙofar fada, aka zo silima da fina-finan Indiya, sa'an nan kaset na bidiyo ya shigo gidaje. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, daga nan fim ɗin Hausa ya zama hajar kasuwa, cibiyar cinikinsa kuwa kasuwar Ƙofar Wambai. Daga can 'yan kasuwa ke sarowa su kawo Gusau, daga Gusau a kawo Ƙaura. Kaset kuwa ana juyarsa ne daga wani kaset, wanda shi ma daga wani aka juyo shi, saboda haka kafin ya iso ƙarshen hanya launi ya zube, fuska ta dushe, murya tana shaƙewa kamar mai mura. Wani masani, Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano, ya nuna a littafinsa Signal and Noise na 2008 cewa wannan dusashewa ta zama wani ɓangare na yadda mutanen Arewa suka san fim. Gaskiyarsa. Da aka ƙaddamar da shari'a a Zamfara, ta fara aiki a Janairun 2000, aka rufe gidajen silima, sai kallo ya ƙara komawa cikin gida, faifan VCD kuma ya gaji kaset. Hoton VCD ɗigo 352 ne a kwance, 288 a tsaye, watau ɗigo dubu ɗari da 'yan kai. Duk da haka ba a ji mai ƙorafi ba, domin faifan ba shi da fitina: kowace na'ura aka sa shi sai ya yi.

Blu-ray ya fito kasuwa a 2006. Hotonsa ɗigo 1920 a kwance, 1080 a tsaye, watau fiye da miliyan biyu, ninki ashirin ke nan na VCD. Faifan DVD na yau da kullum yana ɗaukar gigabayit 4.7, shi kuwa wannan yana ɗaukar 25 ko 50. Dalili shi ne ana karanta shi da hasken leza shuɗi, wanda tsininsa ya fi na jan hasken DVD siranta, saboda haka ana iya matse rubutu a kan faifan ƙwarai. A ido dai faɗinsu ɗaya da DVD, kuma wannan kamanni shi ne farkon abin da ke ruɗar mutane.

Dattijon da ake magana tsohon ma'aikacin tashar jirgin Ƙaura ne, wanda bayan ya yi ritaya ya koma ƙauyensu a ƙasar Zurmi yana noma. Hare-haren 'yan bindiga na watan Yunin 2021 suka tashe su, ya dawo Ƙaura ya sauka gidan ƙanwarsa, da 'yan komatsansa cikin buhu. Cikin komatsan akwai wani faifai a shuɗin kwali, wanda ɗansa mai karatu a Amurka ya aiko masa tun da daɗewa: Lion of the Desert, wanda Hausawa suka fi sani da fim ɗin Umar Mukhtar, aikin Moustapha Akkad, inda Anthony Quinn ya fito a matsayin malamin nan na Libiya da ya yaƙi Italiyawa har suka rataye shi a 1931. Dattijon ya ga fim ɗin a kaset yana da ƙarfinsa, ya kuma ƙara gani a VCD. Yanzu ido ya yi rauni, dusasshen hoto ba ya yi masa amfanin komai, ɗan nasa kuwa ya gaya masa a waya cewa a wannan faifan har gashin gemun tsohon ana iya ƙirgawa. A ƙauye babu abin da zai sa shi a ciki, sai ya adana.

Shi kuwa ɗan ƙanwar tasa ya yi karatu a Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura, wadda aka kafa a 1983, yana da ɗan shago inda yake tura wa mutane fina-finai da waƙoƙi a waya, yana kuma taɓa gyaran kwamfuta. A unguwarsu in na'ura ta gagare shi, to, sai Gusau. Ana cikin haka, ranar 3 ga Satumba 2021 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su katse layukansu a duk faɗin jihar, bisa roƙon Gwamna Bello Matawalle, don sojoji su sami damar aiki. Aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da fetur a jarka. Gari ya yi tsit, ba kira, ba intanet, dare ya yi tsawo. A lokacin ne dattijo ya zaro faifansa ya miƙa wa saurayin.

Saurayi ya sa faifai a kwamfutarsa, na'ura ta yi ta juyi tana ƙugi, ta ce babu kome a ciki. Wannan bai ba shi mamaki ba, ya san jan haske ba ya karanta rubutun shuɗi. Ya kuma san wani abokinsa mai ɗaukar hoton biki a Shinkafi yana da na'urar karanta Blu-ray ta waje, wadda ake jona wa kwamfuta da igiya. A da saƙon minti ɗaya ne a waya. Yanzu sai da ya rubuta takarda ya ba direban mota, motocin kuwa sun yi ƙaranci tun da kasuwa ba ta ci, hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi kuma ba a shigarta sai da addu'a. Bayan kwana tara na'ura ta iso, naɗe cikin tsumma, tare da faifan manhajar da aka sayar da ita da shi.

Aka jona, kwamfuta ta ga faifai, ta nuna sunayen abubuwan da ke cikinsa da girmansu. Amma da aka buɗe babban fayil ɗin, sai allo ya yi baƙi. Windows ba ta zuwa da abin kunna Blu-ray, saboda haka ya sa manhajar da ta zo da na'urar. Ita kuma ta buɗe, ta yi sallama, ta ce makullanta sun tsufa, a haɗa ta da intanet ta sabunta.

Dattijo yana zaune kan buzu yana kallon ikon Allah. Ya ce, "Kai yaro, wanga abu ba da kuɗɗi anka sayo shi ba?"

"Da kuɗɗi anka sayo shi, Kawu. Amma makullin na wurinsu."

"Su wa?"

Tambayar nan ta cancanci amsa, domin a nan gizo ke saƙar. Kamfanoni takwas ne suka haɗu suka ƙera kullen da ake kira AACS: Disney da Warner Bros. daga masu yin fim, Intel da Microsoft da IBM daga masu kwamfuta, Sony da Panasonic da Toshiba daga masu ƙera na'urori. Fim ɗin da ke kan faifai an hautsina shi da wani lissafi mai suna AES, wanda makullinsa jerin sifili da ɗaya ne guda 128. Yawan makullan da za a iya haɗawa daga wannan jeri adadi ne mai alƙaluma 39, saboda haka babu mai zama ya gwada su ɗaya bayan ɗaya. Makullin fim ɗin kansa yana kan faifan, amma a kulle da wani makulli. Shi kuma wancan ba ya samuwa sai an haɗa abu biyu: wata lamba da aka buga a wani sashe na faifan inda na'urar kwafi ba ta iya rubutu, da wani makulli na uku wanda ake fitarwa daga wani dogon jadawali. Jadawalin kuwa ba ya buɗuwa sai ga na'ura ko manhajar da kamfanonin suka ba lasisi, suka danƙa mata nata makullan. Kamar gidan sarki ne mai zaure cikin zaure, kowane da dogarinsa, dogarin farko kuma ba ya duban fuskar mai shigowa, takardar da aka rubuto masa kawai yake dubawa.

Wayon da ya fi wannan shi ne ikon sokewa. In kamfanonin suka gane makullin wata manhaja ya faɗa hannun jama'a, sai su sauya jadawalin a faya-fayan da za su buga nan gaba, yadda wannan makulli ba zai ƙara buɗe su ba. Sabon faifai kuma yana ɗauke da jerin sunayen waɗanda aka kora, na'urar karantawa tana kwafe jerin ta ajiye a ƙwaƙwalwarta. Watau mutum na iya sayo sabon fim da kuɗinsa, ya sa a na'urarsa, fim ɗin ya zama ɗan saƙon da ya zo ya hana tsohuwar manhajarsa aiki. Don haka ne manhajojin kwamfuta masu lasisi ke neman sabuntawa lokaci-lokaci. Waɗanda suka tsara abin sun ɗauka kowa yana da intanet kamar yadda yake da iskar shaƙa. Ba su hango jiha guda mai miliyoyin mutane da za a kashe wa layi don yaƙi ba.

Ko da an wuce wannan, da sauran dogarai biyu. Ɗaya shi ne HDCP, wanda ke bincikar allo da igiyar da ta haɗa shi da kwamfuta, in bai amince da su ba ya hana hoto fita. Ɗayan kuwa shiyya: an raba duniya uku, Amurka tana shiyyar A, Afirka da Turai suna B, Indiya da Sin da Rasha suna C. Faifan dattijo na A ne, shi kuwa yana zaune a B. Manhajoji kan yarda a sauya shiyya, yawanci sau biyar, daga nan su kafe. Abin dariya a nan, Bahaushen da ya shekara fiye da hamsin yana kallon Indiya, an raba shi shiyya da Indiya, an haɗa shi da Jamus.

To, ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: Blu-ray ya gaji wannan hali ne daga DVD, ya kuma gaji abin da ya sami DVD. Kullen DVD, mai suna CSS, an karya shi a 1999, cikin waɗanda suka yi aikin har da wani yaro ɗan ƙasar Norway, Jon Lech Johansen, wanda aka kai kotu, kotu ta wanke shi a 2003. Kullen AACS bai ma shekara guda a kasuwa ba. A Disamban 2006 wani mai ɓoye sunansa da laƙabin muslix64 ya fitar da hanyar buɗe faifan HD DVD, abokin hamayyar Blu-ray wanda Toshiba ta janye a 2008, kuma kullensu ɗaya. Dalilin da ya bayar shi ne ya sayi fim da kuɗinsa, kwamfutarsa ta ƙi nunawa saboda allonsa. Bai fasa lissafin ba, leƙawa ya yi cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta sa'ad da manhaja mai lasisi ke aiki, ya tarar da makulli a ajiye. A 2007 wani babban makulli mai haruffa da lambobi 32 ya fita, lauyoyin kamfanonin suka aika takardun gargaɗi a janye shi, sai mutane suka buga shi a riguna, wasu suka rera shi a waƙa. Tun daga nan duk fim ɗin da ya fito a Blu-ray ba ya daɗewa kwafinsa ya bazu.

Abin da ya kamata a tsaya a duba shi ne wanda kullen nan ya tare. Ɓarawo ya wuce tun 2007. A cikin kwamfutar saurayin nan kansa akwai kwafin fim ɗin Umar Mukhtar, wanda aka juyo daga tsohon VCD aka ɗora masa muryar Hausa, yana tura wa duk mai so a kan 'yan nairori, kuma babu wayar da ta taɓa ƙin kunna shi. Mutum ɗaya tak a unguwar yake da gangariya, shi kaɗai ne kuma ya kasa kallo. Ciniki irin wannan, in aka auna shi da kalmomin kasuwar Hausa, bai cika saye ba. Ya fi kama da aron da mai kaya ke iya karɓewa ba sanarwa, sai dai an biya masa kuɗin saye.

Ba kuwa za a ce masu kullen ba su da hujja ba. Duk ɗalibin Hausa ya san abin da satar fasaha ta yi wa masu fim na Kano: furodusa ya ci bashi ya yi fim, kafin ya mai da uwar kuɗi kwafi ya cika gari, daga baya shagunan turawa irin na saurayin nan suka ƙarasa kasuwar faifai, har masana'antar ta koma dogaro da YouTube da tashoshi irin Arewa24 wadda ta fara a 2014. Mai fim yana da haƙƙin cin guminsa. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, ta fito fili ta hana karya irin wannan kulle, kamar yadda Amurka ta yi tun 1998. Matsalar ita ce kwaɗon da ba ya tare ɓarawo amma yana tare maigida bai ƙara wa mai fim ko anini ba, sai ma ya koya wa mai saye cewa jabu ya fi sauƙin zama da shi.

Akwai kuma abin da ya shafi sashen Hausa kai tsaye. Kaset da VCD, duk da dusashewarsu, ana iya tara su a laburare, a juye su, a yi nazarinsu. Fim ɗin da ke kulle yana rayuwa ne muddin mai makulli na da rai kuma yana so. Misali yana kusa: faifan Ultra HD Blu-ray na 2016 ba ya kunnuwa a kwamfuta sai tana da wani sashen tsaro na Intel mai suna SGX, daga baya Intel ta cire sashen daga sababbin kwamfutocin gida, sai ya zama sabuwar kwamfuta ta kasa abin da tsohuwa ke yi. Fim ɗin Hausa ya tsallake Blu-ray, amma yana shiga manhajojin kallo na waya, waɗanda a cikinsu mai kallo ba ya riƙe ko da faifan. Mai binciken da zai zo nan da shekara talatin yana neman fim ɗin bana, yana iya samun Turmin Danya ya rasa shi.

A farkon Oktoba aka maido da layi a Gusau, Ƙaura kuwa tana nan a rufe. Saurayi ya ɗauki kwamfuta da na'ura ya shiga mota. A can manhajar ta haɗu da intanet, ta ce irinta an daina sabunta ta, a sayi sabuwa da dala, katin bankinsa kuma ya ƙi wucewa. Sai ya bi hanyar da yawancin masu irin matsalarsa ke bi: manhajar VLC, wadda ɗaliban wata makarantar injiniya ta Faransa suka faro, ake ba da ita kyauta, da wani ƙarin sashe da ke iya aikin lissafin AACS, da fayil na makullan da masu faya-fayai suka tara. Faifan tsoho ne, makullinsa na ciki. Ya gwada a gindin wata bishiya kusa da tasha, sai ga hamadar Libiya ta bayyana, har ana ganin ƙwayar rairayi.

Da dare, da batirin sola, aka zauna a tsakar gida. Dattijo ya matso da fuskarsa kusa da allo, ya yi shiru na wani lokaci, ya ce lalle ga gemun. Can kuma ya ɗago ya ce, "To, mi yaka cewa?" Faifan gangariya Turanci yake yi, babu Hausa a cikinsa.

Saurayi ya kashe sautin kwamfuta, ya kunna tsohon kwafin nan mai fassara a wayarsa, ya ajiye ta gefen allo. Farko abin ya daidaita. Ba a jima ba murya ta fara riga baki, domin VCD na nan ƙasar yana tafiya da hoto 25 a daƙiƙa, Blu-ray kuwa yana bin saurin silima na kusan 24, watau a kowane minti Hausa na tsere wa hoto da daƙiƙa biyu da rabi, a fim na kusan awa uku kuwa tazarar ta kai minti bakwai. Haka ya zauna da yatsa a kan waya har ƙarshen fim, in murya ta yi gaba ya tsayar da ita hoto ya cim mata. In ya yi gyangyaɗi, sai dattijo ya zungure shi da sanda ya ce, "Tsai da shi, yaro, Bature bai buɗe baki ba tukuna."